Dawa, Dizal da Barasa: Hannun Hukuma a Gonakin Gedambaliya

Gabatarwa

Duk shekara idan muka zo darasin wuraren da ake magana da Hausa, ɗalibai sukan lissafa Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru, daga nan sai su yi shiru. Kaɗan ne suke tunawa da Sudan, alhali kuwa akwai garuruwa da unguwanni a can inda Hausa ce harshen gida. A wannan takarda za mu leƙa gabashin Sudan, mu tsaya a wani wuri da ake kira Gedambaliya, yamma da garin Gadarif. A nan ne aka fara noman damina da tarakta a ƙasar, kuma Hausawa suna cikin waɗanda suka yi wa wannan noma aikin ƙarfi.

Abin da muke son nunawa shi ne yadda dokoki da haraje-harajen da ake tsarawa a Hartum suka yanke hukunci a kan abubuwa uku: wanda zai sami gona, abin da zai rage a hannunsa bayan kaka, da abin da aka yarda ya yi da dawar da ya noma. Za mu bi dawar tun daga fili, mu bi ta kasuwa da gidan mai, har zuwa tukunyar giya. Mai koyon Hausa zai tsinci kalmomin noma da na haraji da na mulki a kan hanya.

Ƙasar da mutanenta

Yankin Gadarif shimfiɗaɗɗen fili ne na baƙar laka, ya yi iyaka da Habasha ta gabas. Da rani lakar takan tsage ta yi tauri kamar dutse, da damina kuma ta yi danƙo har tafiya ta gagara. Ruwa yakan sauka daga wajen watan Yuni zuwa Oktoba. Manyan amfanin gona su ne dawa da riɗi. Da dawa ake yin asida, wato irin tuwonsu, da kisra, wata 'yar siririyar waina da ake ci da miya. Riɗi kuwa na sayarwa ne, ana fita da shi ƙasashen waje. A da ana kiran garin Gadarif da suna Suƙ Abu Sin, wato kasuwar Abu Sin, saboda gidan sarautar Larabawan Shukriyya.

Hanyar aikin hajji ce ta kawo mutanen Afirka ta Yamma wannan wuri. Tun kafin zuwan Turawa akwai mazaunin Takarir, wato mutanen yamma, a Gallabat da ke bakin iyakar Habasha. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a suka yi gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Bayansu wasu suka riƙa zuwa, suna tsayawa su yi ƙwadago don neman guzurin ƙarasawa Makka, da yawa kuma zama ya kama su. Mutanen Sudan sukan haɗa Hausawa da Fulani da Barebari su kira su Fallata. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Gadarif a 1928, sai wurin ya ƙara jan masu neman aiki.

Yadda hukuma ta ƙirƙiro noman tarakta

Noman tarakta a Gedambaliya hukuma ce ta haife shi. A tsakiyar shekarun 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Turawa ta buƙaci hatsin ciyar da sojojin da ke gabashin Afirka, sai ta kawo injina ta fara noman dawa a nan. Daga 1945 zuwa 1953 an yi ta noma kimanin hekta 6,000 a shekara bisa tsarin noma-mu-raba: hukuma ta yi huɗa da shuka da injinanta, manomi ya cire ciyawa ya yi girbi, a raba abin da aka samu. Tsarin ya ci kuɗi fiye da abin da yake kawowa. Saboda haka a 1954 gwamnati ta fara janye hannunta tana ba 'yan kasuwa hayar filaye.

An yanka daji murabba'i-murabba'i, kowane fili faddan 1,000, wato hekta 420. Daga baya a wasu wurare aka ƙara zuwa faddan 1,500. Ƙa'idar ita ce a noma rabin filayen, a bar rabi su huta, bayan shekara huɗu mai haya ya koma wanda ya huta. A takarda abin ya yi kyau. Amma sassabe da tumɓuke kututture aiki ne mai tsada, kuma babu wanda yake son ya maimaita shi duk shekara huɗu. Sai masu haya suka riƙe tsohon fili, suka haɗa da na hutun, wasu ma suka faɗa dajin da ba a yanka ba. Ya zuwa 1968 an ƙiyasta cewa ana noma fiye da hekta 750,000, daga ciki fiye da 200,000 ba da izinin kowa ba. A wannan shekara aka kafa Hukumar Noman Injina, Bankin Duniya ya ba da rance, aka buɗe sababbin filaye kamar na Simsim a kudancin Gadarif.

To, wa ya sami filin? Hausawa sukan ce da ruwan ciki kan ja na rijiya. Sai mai jari ne zai iya ɗaukar faddan 1,000, domin sai da tarakta da mai da kuɗin 'yan ƙwadago. Galibin waɗanda suka samu 'yan kasuwar birni ne da manyan ma'aikata da hafsoshin da suka yi ritaya, wasunsu ba su ma zaune a yankin. Dokar Filayen da Ba a Yi wa Rajista ba ta 1970, zamanin Shugaba Ja'afar Numairi, ta mayar da duk ƙasar da ba ta da takarda mallakar gwamnati, ga shi kuwa kusan duk gonakin ƙauye da makiyaya ba su da takarda. A 1971 kuma aka rushe mulkin sarakunan gargajiya, waɗanda a da su ne masu raba gona da sasanta manomi da makiyayi. Filayen tarakta suka toshe burtalai, rigima ta yawaita.

Hausawa sun gamu da wani shingen kuma. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun kafin 1898. Wanda kakansa ya zo bayan Burmi bai cika wannan sharaɗi ba, ko da a Sudan aka haife shi. Daga baya an sassauta, har dokar 1994 ta mayar da ma'aunin zuwa 1956. Amma a shekarun da ake rabon manyan filaye, rashin takardar ɗan ƙasa ya wahalar da mutane da yawa wajen hulɗa da ofis da banki. Shi ya sa aka fi ganinsu a ƙananan gonaki, da lambunan bakin kogi, da kamun kifi, da ƙwadago.

Ƙwadagon kuwa ba kaɗan ba ne, domin injin huɗa da shuka kawai yake yi. Cire ciyawa da yankan dawa da hannu ake yi. Riɗi ma ya fi matsi, saboda idan ya nuna ba a yanke shi cikin 'yan kwanaki ba, sai kwanson ya fashe ƙwayar ta zube. Dubban mutane daga yammacin Sudan da kudanci da Habasha da Iritiriya, tare da Hausawa da sauran Fallata, su ne suke wannan aiki, suna kwana a bukkokin gona da ake kira kambo.

Daga ushur zuwa zakka

Turawa sun karɓi harajin amfanin gonar damina da sunan ushur, wato ɗaya bisa goma. Kalmar Larabci ce, ita ce ta ba mu ushiri a Hausa. Akwai kuma harajin dabbobi, kwatankwacin jangali a ƙasar Hausa, da kuɗin da ake biya a kasuwar hatsi. Bayan samun mulkin kai a 1956 waɗannan sun ci gaba da zama abin dogaron ƙananan hukumomi. Sai dai akwai wani haraji da manomi ba ya ganin rasiɗinsa. Idan gwamnati ta ƙayyade farashin dala ƙasa da na kasuwa, ta kuma tilasta wa mai fitar da riɗi ya canza kuɗinsa a banki a kan wannan farashi, to ɗan kasuwa yakan rage abin da yake ba manomi. An shafe shekaru masu yawa a Sudan ana wannan. Ƙaro ma haka: daga 1969 zuwa 2009 kamfani ɗaya ne kawai aka yarda ya fitar da ɗanyensa waje.

Dokar fitar da dawa ita ma takan juya kamar iskar bazara. A shekarun 1970 aka yi ta maganar cewa Sudan za ta zama rumbun ƙasashen Larabawa. A farkon shekarun 1980 an fitar da dawa mai yawa zuwa Saudiyya don ciyar da dabbobi, sai ga fari da yunwar 1984 zuwa 1985 sun auka wa Darfur da Kordofan da duwatsun bakin Bahar Maliya. Tun daga nan gwamnatoci sukan hana fitarwa idan sun ji tsoron tsada a birni, su buɗe idan suna neman dala. Manomi yana shuka bai san wace doka zai tarar da kaka ba.

A 1984 Numairi ya kafa dokar da ta haɗa zakka da haraji, ta soke wasu tsofaffin haraje-haraje. Kuɗin shigar gwamnati ya faɗi, kuma bayan an hamɓarar da shi a 1985 aka raba zakka da haraji a 1986. Dokar 1990, sannan ta 2001, suka ƙarfafa Diwanin Zakka, hukumar da take karɓa dole. Ma'aunin shi ne na fiƙihu: kashi 10 cikin 100 a noman damina, kashi 5 a noman ban ruwa, idan amfanin ya kai nisabi, kimanin kilo 653. Gadarif tana cikin jihohin da suka fi ba da zakkar hatsi. Muhawarar da ta daɗe a can ita ce ko ya kamata a cire kuɗin mai da na ƙwadago da bashi kafin a auna, tun da gonar tarakta ruwan sama take sha amma da kuɗi ake noma ta.

A shekarun 1990 aka raba ƙasar jiha-jiha, kowace jiha da ƙaramar hukuma tana neman abin biyan albashi, sai shingaye suka yi yawa a kan hanya, buhu ɗaya ya sha caji iri-iri kafin ya kai Port Sudan. A farkon shekarun 2000, bayan kuɗin man fetur ya fara shigowa, gwamnatin tarayya ta soke harajin noma ta yi alkawarin biyan jihohi diyya. Gadarif ta rasa babbar hanyar kuɗinta ta koma jiran Hartum. Gwamnan jihar, Karamallah Abbas, wanda shi kansa babban manomi ne, ya yi ta jayayya da ma'aikatar kuɗi a kan haƙƙin jiharsa har ya bar kujera a 2012.

Bashi ma doka ce take tsara shi. Ƙaramin manomi ya saba da shail, wato ɗan kasuwa ya ba shi kuɗi ko kaya da damina, ya biya da hatsi da kaka a kan farashi mai rahusa. Da aka mayar da bankuna kan tsarin Musulunci, Bankin Noma na Sudan ya riƙa ba da jari ta hanyar salam: banki ya sayi dawar tun ba a shuka ba, a kan farashin da aka yanke. A farkon shekarun 1990 hauhawar farashi ta wuce kashi 100 cikin 100 a shekara, don haka farashin da aka yanke a Yuni ba ya da daraja a Disamba. Idan kuma damina ta ƙi, cekin da manomi ya ajiye a banki ya zama na bogi, doka kuwa ta ba da damar a tsare shi har sai ya biya. Manoma da dama a Gadarif sun shiga kurkuku ta wannan ƙofa.

Dizal

Fartanya ba ta shan mai, amma faddan 1,000 ba ya nomuwa da fartanya. Tun ranar da aka kawo tarakta, noman Gedambaliya ya rataya a kan man dizal, wanda mutanen Sudan suke kira jazulin. Lokacin shuka gajere ne, domin da ruwa ya yi nisa tarakta ba ta iya shiga laka. Jinkirin mako biyu wajen samun mai yana iya cinye damina guda.

Sudan ta fara fitar da ɗanyen mai a 1999, gwamnati kuma ta riƙa sayar da mai a gida da rangwame. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a watan Yulin 2011, ta tafi da kimanin kashi uku cikin huɗu na man da ake haƙowa. Aka rage tallafin a 2012, aka sake ragewa a Satumbar 2013, inda aka yi zanga-zangar da ta ci rayuka da yawa. A 2018 aka yi ƙarancin mai mai tsanani daidai lokacin shirin damina. A Disambar wannan shekara, da farashin burodi ya ninka sau uku, Gadarif tana cikin garuruwan farko da suka fito kan titi, boren da ya kai ga faɗuwar Umar al-Bashir a Afrilun 2019. Abin lura a nan shi ne burodin na alkama ne, wadda a lokacin akasarinta shigo da ita ake yi da tallafin gwamnati, a ƙasar da dawa take jibge.

Gwamnatin riƙon ƙwarya ta Abdalla Hamdok, bisa yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, ta karya darajar fam a Fabrairun 2021, daga 55 zuwa kimanin 375 a kan dala ɗaya, ta kuma cire tallafin mai gaba ɗaya a watan Yuni. Wannan ya kawo sauƙi ta wani gefe: dogayen layuka a gidajen mai sun ragu, ribar fasa-ƙwaurin mai zuwa maƙwabta ta ragu, mai fitar da riɗi ya sami canji na gaskiya. Ta ɗaya gefen kuma kuɗin huɗa da sufuri ya yi tashin gwauron zabo, bashin banki bai bi sahu ba. Mai babban jari ya jure, mai hayar tarakta na awa biyu ya rage gonarsa. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tsayar da matatar mai ta Jaili da ke arewa da Hartum, ya kuma turo ɗaruruwan dubban 'yan gudun hijira zuwa jihar Gadarif.

Wuski da marisa

Dawa ba tuwo kaɗai take zama ba. Da ita ake yin marisa, giyar gargajiya mai kauri, 'yar'uwar burkutu. Akwai kuma aragi, barasa mai ƙarfi da aka fi tacewa daga dabino. Mahadi ya haramta su a shekarun 1880. Turawa kuwa sai suka bi wata hanya. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar da barasar Turai ga 'yan ƙasa a babban sashe na Afirka, wannan ne ma ya sa aka hana ta a Arewacin Nijeriya. A Sudan wuski ya zama abin shan Turawa da baƙin 'yan kasuwa a kulob, ana karɓar kuɗin fito a kansa. Marisa kuma aka bar ta a gidajen da ake kira indaya, waɗanda galibi mata ne suke riƙe da su, suna biyan kuɗin lasisi. Bayan mulkin kai an ci gaba da haka, har da kamfanin Blue Nile Brewery da ke yin giyar Camel a Hartum ta Arewa.

A Satumbar 1983 Numairi ya ayyana dokokin shari'a, aka zubar da barasa mai yawa a Kogin Nilu a gaban jama'a, aka rufe mashaya da masana'antun giya. Dokar laifuffuka ta 1991 ta tanadi bulala 40 ga Musulmin da ya sha, da hukunci ga mai yi da mai sayarwa. Mu a nan ba hukuncin addini muke tattaunawa ba, domin a bayyane yake. Abin da ɗalibin tarihi zai duba shi ne a kan wa dokar ta fi sauka. Masana'anta ta mutu dare ɗaya, kuɗin fito da na lasisi suka tafi. Wuski ya ci gaba da shigowa a ɓoye ga mai kuɗi, kuma iyakar Gallabat da Metema, inda ɗaya gefen ba a hana ba, tana kusa. Waɗanda suka cika kotuna da kurkuku su ne mata matalauta masu dafa marisa da aragi, yawancinsu waɗanda yaƙi da fari suka koro daga kudanci da duwatsun Nuba. A Yulin 2020 aka yi wa dokar gyara, aka ɗauke hukuncin sha daga kan waɗanda ba Musulmi ba, aka bar shi a kan Musulmi.

Akwai wani abin mamaki da ya haɗa batutuwanmu uku. A 2009 kamfanin sukari na Kenana ya buɗe masana'antar itanol, wadda ta riƙa tace barasa daga ragowar ruwan rake don a yi makamashi da ita, har aka riƙa fitarwa Turai. Sinadarin ɗaya ne da na aragi. Abin da ya raba su shi ne amfanin da aka nufa da shi, da takardar izinin hukuma.

Kammalawa

Mun ga yadda hukuma ta kafa noman tarakta a Gedambaliya saboda buƙatar yaƙi, ta miƙa shi ga masu jari a 1954, ta mallake ƙasar da ba ta da takarda a 1970, ta kuma riƙa juya haraji da farashin mai da dokar barasa gwargwadon halin da baitulmali da siyasar Hartum suke ciki. Tsarin ya samar da hatsi mai yawa, wannan ba a musu. Amma ya bar gajiyayyar ƙasa da ƙuduji ya mamaye, da dajin da aka sare duk da dokar da ta ce a bar kashi 10 cikin 100 na kowane fili da itatuwa. A kowane mataki, mai takarda da jari yakan sami mafita, nauyin kuma ya faɗa kan ɗan ƙwadago da ƙaramin manomi da makiyayi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Rikicin da ya shafi Hausawa a jihar Blue Nile a 2022, wanda ya jawo zanga-zanga har a Gadarif da Kasala, ya nuna cewa tambayar wa yake da ikon ƙasa ba ta mutu ba.

Ɗalibin da ya san tarihin ƙasar Hausa zai ga kamanni: Dokar Amfani da Filaye ta 1978 a Nijeriya, soke haraji da jangali a jihohin Kano da Kaduna a 1979, da cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Yana da kyau a kwatanta su da na Sudan, a duba wanda kowace doka ta ba takarda da wanda ta bari hannu rabbana.